Yadda Ake Haɗa Abin Sha Mai Sanyi a Gida da Zoɓo, Tsamiya, Citta da Aya

A manyan otal na birni akwai abin sha da ake kira koktel, wato a haɗa abubuwa uku ko huɗu a kofi ɗaya bisa awo. Yawancinsa da giya ake yi, don haka ba namu ba ne. Amma dabarar haɗin, wato auna tsami da zaƙi da yaji har su daidaita, tana aiki sarai a kan kayan da muke da su a tsakar gida. Zoɓon da 'yan kasuwa ke lodawa daga Maigatari da Gumel zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko, shi ne wanda ke shanye a kan tabarma a gidajenmu da kaka. Tsamiya tana bayan gari, aya da dabino suna kasuwar ƙauye, citta kuma daga Kudancin Kaduna take zuwa, yankin Kachia. Kayan haɗi ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ke ɓata abin sha a yawancin gidaje shi ne a zuba komai a tukunya ɗaya a tafasa, in ya yi bauri ko ɗaci sai a yi ta antaya sukari don a rufe laifin. Sukari ba ya gyara bauri, sai dai ya ƙara nauyi a baki.

Hanyar da ta fi ita ce ki haɗa kowane abu daban, mai kauri, ki ajiye a gorarsa: uwar zoɓo, ruwan tsamiya, ruwan citta, ruwan sukari. Idan lokacin sha ya yi sai ki haɗa a kofi ko a jug. Da haka maigida mai son yaji zai samu nasa, yara su samu mai sauƙi, tsohuwa mai ciwon suga a ba ta wanda ba a sa wa zaƙi ba, duk daga aiki ɗaya.

Awon da za mu bi shi ne gwangwanin madarar ruwa ƙarami, da cokalin cin abinci. Ledar fiya wata guda biyu lita ɗaya ce, ki riƙe wannan in ba ki da abin auna ruwa.

Ruwan sukari

Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi. Shi ya sa ake shan saman kofi lami, a tarar da zaƙin kwance a ƙasa. Ki zuba sukari gwangwani 2 da ruwa gwangwani 1 a tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ki daina jin ƙwayar sukarin a ƙarƙashin cokali, ruwan ya yi garau. Nan take ki sauke. In kika bari ya yi ta tafasa zai yi danƙo, daga baya ya daskare a gora kamar alawa. Ki matsa 'yan ɗigon lemon tsami a ciki, yana hana shi komawa ƙanƙarar sukari. Saboda sukarin ya ninka ruwan, yana iya kai mako guda ko fi a gora mai tsabta ko da babu firji. Da mazarƙwaila ma ana yi: ki farfasa ta, ki narkar da ita da irin awon sukarin nan, sannan ki tace don tana zuwa da ɗan datti. Ta fi dacewa da tsamiya, domin ƙamshin rake da ke cikinta yana tafiya da tsamin. Zuma kuwa a sirka ta da ruwan ɗumi, rabi da rabi, kada a dafa ta, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Uwar zoɓo

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka ki bi a hankali.

Wajen saye ki zaɓi zoɓo mai duhun ja, wanda ya bushe ƙayau, yana ƙara in kin damƙa. Wanda ya yi laushi ko yake warin ruma ya sha danshi a buhu, kuma warin zai biyo shi har kofi. Mai duhun shi ke ba da launi, mai hasken ja ya fi tsami. In kin samu duka biyun, ki haɗa kashi biyu na mai duhu da kashi ɗaya na mai haske.

Ki auna gwangwani 6, ki tsince itatuwa da ƙwallayen iri. A ƙasa ake shanya zoɓo, saboda haka yashi ba ya rabuwa da shi. Ki zuba shi a ruwan sanyi mai yawa, ki motsa da hannu sau biyu ko uku, ki tsamo shi da hannu zuwa wata roba. Kada ki tsiyaye ruwan ta kansa, yashin zai koma ciki. Ki maimaita sau ɗaya, da sauri. Duk jan da kika gani a ruwan wankin launi ne da kika yi asara, shi ya sa ba a jiƙa shi wajen wanki, kuma ba a taɓa wanke shi da ruwan ɗumi.

Ki tafasa ruwa lita 2 tare da kanumfari ƙwaya 8. Idan ya tafasa ki sauke tukunyar daga murhu, ki zuba zoɓon, ki danna shi da ludayi ya nutse, ki rufe. Ki bar shi minti 30 zuwa 40. Tafasa zoɓo na tsawon lokaci shi ke fito da baurin nan da ke kama harshe, kuma yana kashe jan ya koma kamar ruwan ƙasa. Mai lokaci tana iya jiƙa shi a ruwan sanyi tun dare zuwa asuba, wannan ya fi kowanne laushi a baki, amma sai da ruwan da aka tafasa ya huce.

Tukunya ma tana da nata tasirin. Zoɓo abu ne mai tsami, yana cin tukunyar dalma da ta ƙarfe mai tsatsa, ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe, launinsa ya dushe. Ki tafasa ruwan a duk tukunyar da kike da ita, amma jiƙon ki yi shi a samira wadda ba ta fashe ba ko a tukunyar ƙasa.

Ki tace da rariya, sannan ki sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta. Kada ki murɗe zoɓon da ƙarfi. Ki tsiyaye a hankali ki bar ɗan abin da ya kwanta a gindin roba, sauran yashin yana nan. Za ki samu wajen lita ɗaya da rabi na uwa mai kauri, wadda in an sirka za ta ba da lita 4 zuwa 5. Zoɓon da kika tace kina iya sake zuba masa ruwan zafi lita 1, ki yi amfani da wannan ruwa na biyu wajen sirkawa maimakon farin ruwa.

Maganar kanwa. Mata da yawa suna jefa ta don kashe tsami, kuma tana kashewa. Sai dai launin zoɓo yana canzawa da abin da ya haɗu da shi: tsami yana sa shi ja jawur, kanwa kuma tana juya shi zuwa baƙi-baƙi mai shuɗi, in ta yi yawa har ɗanɗanon sabulu yake yi. Gara a rage tsamin da ƙarin ruwa. In dole sai an sa, ki jiƙa ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa a ruwa daban, ki riƙa ɗigawa kina kallon launin.

Tsamiya da citta

Ki ɓare tsamiya ki cire jijiyoyin, ki samu curi kamar dunƙulen hannu. Ki ɗauraye, ki jiƙa a ruwan ɗumi lita 1 na awa ɗaya, ki murje da hannu har naman ya rabu da ƙwallo, ki tace sau biyu. Ba a tafasa ta. Sabuwar tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa ta fi daɗi a abin sha, tsohuwa da ta yi baƙi a bar wa kunu. Ki duba cikin ɓawon sosai, ƙwari suna shiga.

Ɗanyar citta kuma ki samu kamar faɗin tafin hannu biyu, ki kankare bayan da cokali, ki gurza ko ki daka a turmi mai tsabta wanda bai ga daddawa ko tafarnuwa ba. Ki zuba ruwa rabin lita, ki murje, ki tace da ƙyalle ki matse sosai. Ki ajiye minti 20. Za ki ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa kamar gasara, ki tsiyaye ruwan saman ki bar shi, don shi ke sa abin sha ya yi gari-gari a maƙogwaro. In busasshiyar citta ce a hannunki, ki daka cokali 3, ki zuba mata tafasasshen ruwa rabin lita ki rufe har ya huce. Busasshiya ta fi zafi, ɗanya ta fi ƙamshi.

Haɗawa a kofi

Ga kofi ɗaya na zoɓo mai citta: uwar zoɓo rabin gwangwani, ruwan citta cokali 2, ruwan sukari cokali 2, ruwan lemon tsami na rabin ƙwaya, ruwan sanyi gwangwani 1. Ki juya, ki ɗanɗana kafin ki sa ƙanƙara. Ya kamata a wannan lokacin ki ji ya ɗan fi ƙarfin yadda kike so, domin ƙanƙara za ta narke ta sirka shi, sanyi kuma yana rage jin zaƙi a harshe. In ya yi tsami da yawa ki ƙara ruwan sukari rabin cokali. In zaƙi ya yi yawa, lemon tsami za ki ƙara, don ruwa kaɗai zai sa shi ya tsinke ne. In kuma kin ji komai ya yi daidai amma ba armashi, ki sa gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka a jug guda. Ba za a ji gishirin ba, amma ɗanɗanon zai tashi.

Lemon tsami a matse shi lokacin da za a sha. Ki murza shi a kan faranti da tafin hannu kafin ki yanka, ki cire 'ya'yan, kuma kada ki matse har farin cikin ɓawon ya fashe, daga nan ɗaci ke fitowa. Ruwan lemon da ya kwana yana yin ɗaci ko da a firji.

Na'a-na'a ba a daka ta. Ki ɗauki ganye 6, ki tafa su sau ɗaya a tsakanin tafukanki, ki jefa. In an niƙe ganyen, ɗanɗanon ciyawa yake bayarwa.

Lamurje daga waɗannan gorunan yake fitowa: ruwan tsamiya rabin gwangwani, ruwan citta cokali 3, ruwan mazarƙwaila cokali 2 zuwa 3, ruwa gwangwani ɗaya da rabi. Ga jug guda, ki jiƙa kanumfari 5, masoro ƙwaya 5 da busasshen barkono 1 a ruwan zafi rabin gwangwani, ki tace ki zuba. Kimba tana da ƙarfi, sili ɗaya ya ishi jug, kuma ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan don suna da ɗaci. Da azumi, lokacin shan ruwa, da wuya a samu abin da ya kai wannan buɗe maƙogwaro.

Zoɓo da tsamiya a kofi ɗaya ba su cika jituwa ba, tsami biyu ne suke karo. Kowanne ya fi kyau da abu mai zaƙi na 'ya'yan itace. Zoɓo da abarba sun dace ƙwarai: ki wanke abarbar da kyau kafin ki fere, ki tafasa ɓawon minti 15 a ruwan da za ki jiƙa zoɓon, naman kuma ki markaɗa ki tace ki zuba gwangwani 1 a kowace lita ta abin sha. Kankana tana da ruwa da yawa, don haka in za ki haɗa ta da zoɓo ki sa ruwanta a madadin farin ruwa gaba ɗaya, ki rage sukari da rabi. Mangwaro na bazara kuwa da citta da lemon tsami ya fi tafiya, amma ki tace shi da rariya saboda zare.

Akwai wanda ake kira Chapman a gidajen abinci, ana haɗa shi da Fanta da Sprite da wani jan ruwan zaƙi da yankan kokwamba. Ki sani cewa yawancin masu haɗa shi suna ɗiga wani ruwa mai ɗaci na ƙaramar kwalba, Angostura, wanda giyar da ke cikinsa ta haura kashi 44 cikin 100. A gida ba kya buƙatarsa. Uwar zoɓo cokali 4 za ta ba ki jan da tsamin, ki ƙara ruwan lemon zaƙi na ƙwaya ɗaya, lemon tsami rabi, yankan kokwamba ko gurji 3, ƙanƙara, sannan Fanta da Sprite rabin gwangwani kowanne. Ba a ƙara sukari. Lemon kwalba shi ne na ƙarshen shiga, ki karkata kofin ki zuba ta gefe, ki juya sau ɗaya tak, in ba haka ba gas ɗin zai fice. Ɗan ɗacin da ake nema kuwa, ki yanko siririn bayan lemon zaƙi ki murɗa shi a kan kofin ki jefa ciki.

Kunun aya

Shi wannan dabansa yake, ba a ajiye uwarsa, ranar da aka yi ake shanye shi.

Busasshiyar aya gwangwani 6, ki tsince ruɓaɓɓu, domin ƙwaya kaɗan masu baƙin ciki suna iya ɓata roba guda. Ki rege ta kamar yadda ake rege shinkafa saboda tsakuwa, ki murje da hannu a ruwa har sau uku. Ki jiƙa awa 12, kina canza ruwan sau ɗaya ko biyu, musamman da zafi. In ba a canza ba, tun a jiƙo take fara tsami, kuma kunun da aka yi da ita ba ya kai la'asar. Ɗanyar aya awa 2 ya ishe ta.

Dabino 20, ki ɓare kowanne ki duba ciki, ki cire ƙwallo, ki jiƙa a ruwan ɗumi awa ɗaya. Busasshen dabinon da ake kawowa daga Nijar da wanda ake samu a yankin Dutse duk suna yi. Ki ƙara kwakwa rabi da aka yayyanka, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa, da kanumfari 4. Kanumfari in ya wuce haka yana danne gardin ayar.

In a injin unguwa za a markaɗa, ki sa a wanke shi a gabanki ko gaban wanda kika aika, a fara zuba ruwa mai tsabta ya bi ta ciki. Injin da ya gama niƙa tattasai ko wake zai ba ki kunu mai yaji ko mai ƙarni, kuma ragowar tsohon ƙullu da ke maƙale a ciki ita ce ke saurin lalata shi. Ki aika da ruwanki na gida, mai sanyi. Zuwa da sassafe kafin layi ya fi.

Jimlar ruwa lita 2 da rabi zuwa 3. Ki tace da ƙyalle mai laushi, ki matse sosai, ki ƙara ruwa kaɗan a dusar ki sake matsewa sau ɗaya. Na uku ruwa ne kawai. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, sau da yawa dabinon ya wadatar. Daga tacewa sai sanyi, nan take. Kunun aya a zafin bazara ba ya wuce 'yan awoyi: zai fara yauƙi, sai kumfa, sai tsami, in gorar ta kumbura ko ta yi ƙarar fitar iska da aka buɗe to a zubar. Kada ki dafa shi don ya daɗe, garin da ke cikinsa zai sa ya yi kauri kamar koko. Kada kuma ki sa masa lemon tsami, zoɓo ko ɗanyar abarba, zai tsinke ya rabu biyu. Haka duk abin da ke da madara ko nono: ɗanyar abarba tana sa shi ɗaci cikin ɗan lokaci. Abin da ke tafiya da kunun aya shi ne ayaba da aka markaɗa a take, ko madarar gari cokali ɗaya a kofi. Yana kwanciya in ya zauna, sai a girgiza kafin a zuba.

Sanyi da ajiya

Ƙanƙara ƙofa ce da cuta kan shigo ta ciki, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin amai da gudawa ko na taifot. Babban dutsen ƙanƙarar da ake sarowa a kasuwa, wanda ba ki san ruwan da aka yi shi da shi ba, a cikin kula za ki sa shi ki jera gorunan a kai, kada ya shiga kofi. Wadda za ta shiga ciki ta zama ta ruwan da kika yarda da shi. Daskararriyar ledar fiya wata, a wanke bayanta a fasa, tana yi. Mai firizar sola tana iya daskarar da zoɓon kansa ta yi ƙanƙara da shi, in ya narke ba ya sirka komai.

Inda ba wuta, randa tana aiki, musamman da rani da lokacin hunturu da iska take a bushe. Ki nannaɗe gorunan da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar tukunyar shi ke janye zafin. Da damina, da iska take ɗauke da danshi, sanyin ba ya kai haka.

Uwar zoɓo da ruwan tsamiya da ba a sa musu sukari ba suna kwana ɗaya zuwa biyu a irin wannan sanyin, a firji kuma kwana huɗu zuwa biyar. Da zarar sukari ko ruwan abarba ya shiga, to na ranar ne, domin abu mai zaƙi in ya zauna a zafi yana fara tsima da kansa, ya yi kumfa da wani wari mai hawa kai. Wannan wani dalili ne na raba gorunan. Su kansu gorunan a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu har murfi, a kife su bushe. Gorar da aka tsinto ko wadda aka taɓa zuba fetur, maganin feshi ko maganin ƙwari a ciki, ko an wanke ta sau goma ba ta shiga wannan aikin.

Zoɓo yana saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ko wanda jininsa ke yin ƙasa ya sha kaɗan. Mai ciki ma ta taƙaita, ta tambayi ma'aikatan asibiti in ta je awo.

In taron suna ne ko walima, ki lissafa lita 1 ga mutum uku. Uwar zoɓo ta gwangwani 6 ɗin nan za ta shayar da mutum 12 zuwa 15, sai ki ninka gwargwadon baƙinki. Ki haɗa uwar, ruwan citta da ruwan sukari tun daren jajibiri, kowanne a mazubinsa, ki sirka da safe a bokiti mai murfi da ludayinsa guda wanda ba ya shiga bakin kowa. Lemon tsami da na'a-na'a ki bar su sai an fara shimfiɗa tabarmi.